Yadda Za Ka Mallaki Taurari Kafin a Saki Gonaki

Ɗan'uwa, gyara zama. Shekara ashirin ina koyarwa a lakwal, wato makaranta, ban taɓa barin ɗalibi a baya ba. Bi matakan nan a natse, na yi maka alkawari daular sararin samaniyar da ke cikin wasan wayarka za ta kai duniyoyi arba'in. Maƙwabcina Sabi'u, manomi a Tsarnawa, ya gwada, da shi za mu yi misali.

1. Zaɓi lokaci

Fara da kaka, an yanke gero, wake da harawa na gona suna jiran a kwaso. Wake ba shi da ƙafa, yana nan inda ka bar shi. Abokan gaba kuwa jirage gare su.

2. Rufe iyaka

Kafa tashar tsaro a kowace mashiga. Kada ka maimaita kuskuren Sabi'u. Shi burtali ya bari tsakanin taurarinsa, don baƙi su wuce lafiya kamar yadda ake bar wa shanu hanya. Ta nan aka ci shi yaƙin farko. A sama ba a san mutunci ba.

3. Amsa shela da ladabi

Mai shela zai zagaya yana cewa ran Lahadi za a saki gonaki. Daga ranar dabbobi na da izinin shiga ko'ina, wanda bai kwashe nasa ba, ba shi da ƙara. Ka ce "To, madalla," ka koma ƙera sabon makami. Kwana shida ai da yawa.

4. Bambanta jakadu

Jakadan halitta mai ido uku, karɓe shi nan take. Jakadan gida ya jira. Mamadu, makiyayin da ke sauka gonar Sabi'u kowane rani, sau biyu yana zuwa yi masa tuni. A na biyun ya ce, "Sabi'u, ni abokinka ne, amma shanu ba su san da haka ba." Sabi'u ya ce gobe, bai ɗaga kai ba. Haka sarauta take.

5. Ci nasara

Ran Lahadi da hantsi Sabi'u ya kama duniya ta arba'in. Ko ƙuda bai keta iyakarsa ba. A daidai lokacin garkuna uku suka shiga gonarsa, bisa doka, suka gama da wake da harawa kafin azahar.

Ya kai wa mahaifiyarsa Goggo albishir, ya nuna mata rumbunan daula cike maƙil. Goggo ta daɗe tana duban wayar, sannan ta miƙa masa ƙwarya.

"Madalla, Sarki. Ɗebo mini tiya guda, ruwa na kan wuta."

Tunatarwa

Taurari na yi alkawari, kuma an samu. Maganar wake, harawa da ƙwaryar Goggo ba ta cikin darasina. Mai ƙorafi ya kai wa shanu. Suna nan gonar, ba su yi nisa ba.