Ranar da na Goge wa Gwaggo Billenta

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin bikin Hafsatu a Roni, ranar da na tsaya a tsakiyar mata, sunana rubuce ɓaro-ɓaro a kan aikin da na yi, babu ta inda zan ce ba ni ba ce.

A lokacin ban daɗe da fara ɗaukar hoto ba. Ina zaune a Kazaure, na sayi kyamara a hannun wani da ya gaji da ita, na fara bin bukukuwan 'yan uwa. Aiki ya buɗe mini da wuri saboda dalili guda: akwai gidajen da namiji ba ya shiga da kyamara, ni kuwa har ƙuryar ɗakin amarya nake kaiwa. Sai na ɗauka gwaninta ce. Na raɗa wa sana'ar suna Hotunan Maman Ummi, kaina ya fara girma.

Abu biyu na sa a gaba. Na farko tsoron ɓarayin hoto. Na ji ana cewa da zarar ka ɗora hoto a intanet wani zai kwashe ya ce nasa ne, don haka kowane hoto sai na shimfiɗa masa tambarin sunana daga wannan kusurwa zuwa waccan, da manyan haruffa. (Har yau ban san wa nake zaton yana jiran ya saci hotunana na wancan lokacin ba.) Na biyu kuma wata manhaja da na samu mai gyara fuska. Ka ja yatsa sau ɗaya, ƙuraje su ɓace. Ka ƙara ja, mutum ya yi haske. Ni kuwa ba na tsayawa sai yatsan ya kai ƙarshe.

Akwai wani zaure da muke da shi a waya na masu ɗaukar hoto na yankinmu, daga Kazaure har Babura da Gwiwa, inda ake tura aiki a ji ra'ayin juna. Babbar cikinmu Madam Rifkatu ce, wadda ta daɗe da shagon hoto a Kazaure, kuma ba ta iya zagaye-zagaye ba. Na taɓa tura hoton wata amarya na rubuta a ƙasa, "A ba ni shawara." Gaskiyar magana yabo nake nema. Sai ga saƙon muryarta.

"Maman Ummi, kin iya tsayar da mutum, kuma kin san inda haske yake. Amma fuskar nan ta koma ta 'yar tsana. Ki bar wa mutane fatarsu. Wannan rubutun kuma da kika ratsa, ba ya hana sata. Mai son ɗauka zai yanke ko ya goge, mai son kallo ne kawai kika hana."

Na tura mata "Na gode, Madam," a zuciyata kuwa na ce tsufa ne, ba ta san yayi ba.

Ana haka bikin Hafsatu ya zo, 'yar wan maigidana Sani. Ranar kamu na ɗauke ta tare da Gwaggo Mairo, ƙanwar surukina, wadda ita ta riƙe Hafsatu tun tana ƙarama. Gwaggo baƙa ce kyakkyawa, tana da bille a kumatun hagu, kuma a dangin babu mai tsallake maganarta. Na ce wannan hoton shi zai fitar da ni. Na zauna na yi masa gyaran da ban taɓa yi wa wani ba, na kai aka wanko shi babba aka sa a firam. Mai wankin ya tambaye ni ko a cire rubutun, tunda kyauta ce. Na ce a bar shi, talla ce.

Ranar yini tsakar gidan ya cika. An ci an sha, ana ta hira, sai na miƙe na ce ina da tsaraba ga Gwaggo. (Na ma roƙi a rage sautin kiɗa. Ni da kaina na tara wa kaina 'yan kallo.) Na durƙusa a gabanta na yaye ƙyallen da na rufe firam ɗin.

Gwaggo ta karɓa, ta nisanta shi da fuskarta, ta matso da shi. Ta daɗe tana kallo.

"Hafsatu ta yi kyau," in ji ta. "Wannan balarabiyar da ke riƙe da ita fa, daga dangin ango take?"

"Ke ce, Gwaggo."

"Ni?"

"E, Gwaggo. Ɗan gyara na yi."

Ta kai hannu ta shafa kumatunta na hagu, kamar mai son ta tabbatar yana nan. "To ina billena, matar Sani?"

Wata daga baya ta fara ƙyalƙyalewa, ta toshe baki da mayafi, sai abin ya bazu. Firam ya fara yawo hannu zuwa hannu. Wata ta ce ai Gwaggo ta fi amarya ƙuruciya, a nemo mata miji. Wata ta ce ko haƙorin makkanta ma ya zama fari. Ni kuma, da na ga ƙasa ta ƙi tsagewa, sai na yi abin da ya fi komai muni. Na ce, "Ina jin masu wankin ne suka ɓata shi."

Gwaggo ta sa aka dawo mata da hoton. Ta nuna rubutun da ya taso daga kafaɗarta ya ratsa ƙirjinta ya ƙare a gwiwar amarya. "Wannan me aka rubuta?"

Hafsatu, tana lulluɓe tana rawar kafaɗa don dariya, ta karanta mata: "Hotunan Maman Ummi."

"To," in ji Gwaggo. "Masu wankin ma sunansu Maman Ummi."

Na kwashe sauran yinin a ɗakin girki ina taya wanke kwanuka, aikin da babu wanda ya sa ni. A hanyar komawa Kazaure ina bayan maigidana, lokaci zuwa lokaci sai in ji babur ɗin yana girgiza, kuma ba ramin hanya ba ne.

Abin da ya fi damuna ba dariyar ba ce. A dangi kamar namu, in Gwaggo ta ce hotonki ba ya kama da mutum, babu gidan da zai sake kiranki. Na yi tunanin sayar da kyamarar. Amma da aka kwana biyu na haɗiye girman kaina na tafi shagon Madam Rifkatu, na ba ta labari tun daga farko. Ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta jawo kujera ta ce in zauna. Ta buɗe hotunana ɗaya bayan ɗaya tana nuna mini: nan haske kawai za ki ɗaga, nan inuwa za ki rage, nan kada ki taɓa komai. Ta ce, "Ƙurjin da ya fito jiya ki cire. Abin da mutum ya girma da shi nasa ne." Ta kuma ce kada in taɓa goge hoton asali daga kyamara sai na adana shi, tare da waɗanda na ɗauka kafinsa da bayansa.

Na koma Roni da safe, na gaida Gwaggo, na roƙe ta ta bari in sake. Ta ce ba za ta canza kaya ba, ba za ta tashi daga inda take ba, in ɗauka in na ga dama. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, hasken safiya ya faɗo mata ta gefen hagu, daidai kan billen. Na yi ta ɗauka tana yi mini tsiya. Akwai wani hoto da ta ɗago kai tana shirin yin dariya ba ta kai ga yi ba. Da na nuna mata shi a bayan kyamara, sai ta ce, "Kamar innata." Ta ce a wanko mata.

Da izininta na ɗora shi a shafina, da ɗan ƙaramin suna a kusurwa. Hoton ya yi tafiyar da ban zata ba. Har mutanen da ban sani ba suna sa shi a sitatus. Kuma sai ga abin da na daɗe ina tsoro ya faru: wani mai shagon hoto a Babura ya yanke kusurwar da sunana yake, ya manna nasa, ya rubuta cewa aikin shagonsu ne. Wani ya ɗauko tallar ya turo zaurenmu, kuma mutumin yana ciki.

Ya dage shi ya ɗauka. Madam Rifkatu ta ce abu mai sauƙi ne, kowa ya turo na asali. Na turo nawa cikakke, da tiren gyaɗar da ƙofar ɗakin da ya yanke, na biyo shi da sauran da na ɗauka a zaman. Shi kuwa ya ce wayarsa ta sami matsala. Kafin ya gama gyara wayar, Hafsatu ta kai wa Gwaggo labari, sai ga saƙon murya an turo mini, na saka a zauren:

"Ni ce Mairo ta Roni, ni ce a hoton nan. Matar Sani ce ta ɗauke ni, a ƙofar ɗakina. Kai yaro ban san ka ba. Kuma sau biyu ta ɗauka, na farkon ma ba ni ba ce."

Kafin la'asar ya sauke tallar, ya biyo ni ta gefe yana ba da haƙuri. A cikin makon aka kira ni biki a Gwiwa, uwar amarya ta ce ita irin hoton tsohuwar nan take so, wanda mutum zai gane kansa. Daga nan aiki bai sake yankewa ba, kuma duk bikin dangi Gwaggo ce ke cewa a kira matar Sani.

Har yanzu ina sa sunana a hoto, ƙarami, a gefe. Na dai daina yi masa kallon mai gadi. Bai taɓa hana ɓarawo ba. Abin da ya iya shi ne nuna wa jama'a ƙofar da za su kai ƙorafi. Shi ya sa kafin in manna shi a kan kowane aiki, sai na fara nuna aikin ga wadda ba ta jin nauyina, irin su Madam Rifkatu da Gwaggo.