Ƙwai na Arba'in da Ɗaya

A Gusau aka yi wannan. Wani dattijo, Alhaji Barau, ya yi ritaya daga wani babban ofis, ya tattara abin da ya samu ya gina zauren biki. Saura kwana biyu a buɗe, sai ya ce shi fa lallai sai an zagaye masa ƙofar da fitilun nan masu gudu suna canza launi. Aka haɗa shi da Rakiya, wata budurwa da ta karanci lantarki. Wannan ne babban aikinta na farko, kuma ta san idan ya lalace, ko gyaran soket ba mai sake kiranta a unguwar.

Da hantsi ta gama liƙa zaren fitilun, ƙwai ɗari uku reras. Alhaji ya iso da abokansa biyu, suka zauna a kan fararen kujeru suna kallo. Da ta ciro ɗan allon da zai sarrafa fitilun, abin bai fi akwatin ashana ba, sai Alhaji ya gyara hula.

"Ke yarinya, wannan ɗan mitsitsin ne zai juya ƙwai ɗari uku?"

"Shi ne, Baba," in ji Rakiya. "Saƙo yake aikawa ta waya guda. Ƙwai na farko ya ɗauki nasa, ya miƙa sauran ga na gaba. Shi ma ya ɗauki nasa ya miƙa, har ya kai na ƙarshe."

"Kowa nasa kaɗai yake ɗauka?"

"Nasa kaɗai."

Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Lallai ba a nan aka ƙera su ba."

Ta jona wuta. Haske ya taso daga gindin ƙofa, ja, kore, shuɗi, yana hawa gwanin sha'awa. Alhaji har ya fara "Masha Allah", sai hasken ya ci birki. Daga nan zuwa ƙarshe, ɗif.

Alhaji kuwa ya miƙe yana faɗa, wai dama ya faɗa, an kawo masa kayan wasan yara, jibi manyan baƙi za su zo su tarar da ƙofa kamar bakin mai giɓi. Ita dai Rakiya sai ta hau tsani tana ƙirgawa da yatsa har ta kai ƙwai na arba'in da ɗaya, wanda ya ƙame a kan fari fat, ya fi kowa walwali. Ta auna bayansa, babu abin da ke fita. Ta zaro almakashi.

"Tsaya, tsaya!" in ji Alhaji. "Ga matattu nan fiye da ɗari biyu, sai mai ran za ki yanke?"

"Baba, lafiyarsu ƙalau. Wannan ne ya karɓi nasa ya danne na kowa."

Alhaji ya dubi abokansa, ya kaɗa babbar riga. "Shekara talatin da biyar ina aikin ofis, ban taɓa ganin an kori wanda ya fi kowa haske ba."

Rakiya ta datse ƙwan, ƙyat, ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Shi ya sa har yau na baya suke cikin duhu."