Ranar da Na Tarar da Zaman Makokina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan ƙanwata ba, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Satin ne Malam, maigidana, ya sayo sabuwar mota, ni kuma na karanta masa littafinta, tunda na yi sakandare (ina ji da Turancina lokacin, Allah ya yafe mini). Littafin ya ce sabon inji ba a ba shi wuta, kada a wuce gudun mil talatin a awa sai ya saki jiki. Ni da ko ƙarfe tausayinsa nake ji, na ce mu rage rabi.

Muka taso daga Funtuwa da sassafe, za mu Malumfashi gidan mahaifiyata, inda ake sunan. Da Malam ya ɗan taka sai in ce, "Malam, ji fa yadda take nishi!"

"Kin samu 'ya," in ji shi. "Ga mai keke can ya wuce mu."

Tafiya ta gundure ni, rana ta fara dukan fuskata, na miƙe a kujerar baya na lulluɓa da farin mayafina har ƙafa, barci ya kwashe ni. Ashe Ɗanjuma direban motar auduga, maƙwabcin mahaifiyata, ya wuce mu. Ya leƙo ya ga mota na rarrafe, ga mutum a miƙe cikin fari, ga Malam ya murtuke fuska (haushina yake ji). A wajenmu kuwa ba a irin wannan tafiya sai da gawa. Bawan Allah bai tsaya tambaya ba, ya taka sai Malumfashi, ya kai wa Inna labarin wai na rasu.

Muna isa muka tarar maza sun yi jugum a kan tabarmi, an sauke tukwane, kukan mata na tashi daga cikin gida. Na ce a raina jaririn ne. Na diro a guje ina cewa, "Innalillahi! Wa ya rasu?"

Maza suka watse, wani dattijo ko takalmi bai ɗauka ba. Inna ta fito ana rirriƙe da ita, ta shafa fuskata, ta sake shafawa, sannan ta ɗaka mini duka a baya.

"Ke ce, ja'ira! Ke kika rasu!"

Na ƙanƙame ta, muna kuka muna dariya. Da tsohuwar nan ta yanke jiki ta faɗi saboda ni, ina zan sa kaina? Allah dai ya rufa asiri. Aka mayar da tukwane kan wuta, Malam ya bi maza ɗaya bayan ɗaya yana bayanin inji.

Tun ranar, in barci ya kama ni a mota, a zaune nake yinsa, fuska a buɗe.