Ciyaman Dantong da Gidan Kwana

"Ni a unguwar nan, ko kaza ba ta yin ƙwai sai da sanina!" Haka Dantong yake faɗa kullum yana shafa tumbi. Ciyaman na 'yan hayar gidajen gwamnati yake kiran kansa, kodayake, abokina, ba wanda ya tuna ranar zaɓen. Taki ya zo, danginsa. Koyon sana'a ya zo, surukansa.

Sai aka ce za a mallaka wa kowa gidan da yake ciki. Gogan naka ya dubi ɗan gidansa, ya dubi ƙaton gidan kwanar titi da ba kowa, ya ce, "Mutum kamata, gida ɗaya? Haba!"

Ya sayo katako a kasuwar Katako, ya kafa wa gidan kwana ƙofa, ya kwashe iyali har da turmi. A nasa gidan kuwa ya saka Magadaliya mai tuyar dankali, wadda ke raɓe da 'ya'yanta a shagon coci.

"Gadi za ki yi min. Kada ki saba da wurin."

"To, oga."

Ranar da kwamitin rabon gidaje ya zo, Sarkin Cika-Baki ya tare su da babbar riga.

"Nan kake zaune?" in ji shugabar kwamitin.

"Tun ana kwaɓa simintin ginin, madam!"

"An ce wancan ƙaramin ne naka."

"Wancan akurkin? Allah ya kiyaye! Ko barcin rana ban taɓa yi a ciki ba."

"Ka tabbata?"

"A kawo Littafi Mai Tsarki in dafa!"

Ya kuwa dafa, a gaban fasto da duk unguwa.

"Madalla," in ji madam. "Wannan dai asibitin unguwa za a mai da shi. Ka kwashe kayanka yau."

Kafin ya gama haɗiye yawu, sun tsallaka sun sami Magadaliya tana tuƙa tuwo, yara na wanka. Suka ce gida nata ne.

Dantong ya rugo, katifa a ka, matarsa na binsa da zagi, ga ruwan Jos ya tsuge da ƙanƙara.

"Magadaliya, 'yar'uwata, ai kin san gidana ne!"

"Ni dai na ji ka rantse, oga. Ba zan mai da kai maƙaryaci ba."

"To, in fake mana!"

"Bismillah. Amma cire takalmi, yanzu na goge ɗakina."