Wata Dabba a Wani Gari

Wani malami ne a wata kwaleji a Illela, shekara tara yana mataki ɗaya kamar an kafa shi da ƙusa. Aka ce masa ba ƙarin girma sai ya gabatar da maƙala a taron masana, ya kawo takardar shaida mai sunansa.

Ana nan sai wata ƙungiyar masana ta yi shelar taro a Sakkwato, kowa ya aiko da tasa. Gogan naka ya duƙufa wata uku, ya rubuta maƙala a kan halin raƙumi a kasuwar Illela. Zai aika ke nan ya ga sharaɗi: masu tantancewa ba sa son sanin marubuci, duk maƙalar da aka gane mai ita za a jefar. 

Ya goge sunansa. Ya karanta wa matarsa Mahbuba, ya ce, "Kin gane wa yar rubuta?"

Ta ce, "Kai na mana. Wa ka zancen Illela haka in ba kai ba?"

Ya bi ya goge Illela kaf, ya sa "wani gari". Ya sake karanta mata.

Ta ce, "Har yanzu kai na. Duk garin ga kai ɗai ka tsayawa kallon raƙumi."

Ya goge raƙumi, ya sa "wata dabba". Ya cire tozo, ya cire dogon wuya. Shafi ashirin ya dawo shafi ɗaya da rabi. Mahbuba ta saurara ta ce, "Yanzu kam ko ni ban san mi kaka hwaɗi ba." Ya ji daɗi ƙwarai.

Saura aikawa. Ya ce wayarsa za ta tona shi. Ya hau kabu-kabu ya tsallaka iyakar ƙasa zuwa Ƙonni, ya ari wayar wani mai shayi, Maccido. Gurbin sunan mai aikowa, wanda sakatare kaɗai ke gani, ya cika da sunan Maccido, ya dawo gida yana yaba wa kansa wayo.

Bayan sati uku Maccido ya kira shi. "Malam, an ce maƙalata ta yi zurhi. Wai ni na baƙo daga ƙasar waje, mota za su aiko."

Ranar taro malamin ya bi motar kasuwa, ya samu kujerar can baya kusa da randar ruwa. Maccido kuwa yana kan babban tebur, ya sha babbar riga, ana yi masa fifita. Da aka ba shi lasifika ya riƙe takardar a juye, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, wata dabba ta, a wani gari. Wanda yas sani ya sani."

Zauren ya ɗauki tafi. Wani farfesa har da share ƙwalla.

Baƙin ciki ya turnuƙe malamin. Ya miƙe ya ce, "Wallahi ni nir rubuta ta. Wanga shayi shika saidawa."

Maccido ya ce, "Gaskiya na, tashi ta. Ni dai na ci kaza, ku ba shi takardar."

Shugaban taro, dattijo mai adalci, ya jawo sabuwar takardar shaida, ya buɗe alƙalami ya ce, "To madalla, sai mu gyara. Malam, yaya sunanka?"

Malamin ya dube shi, ya dubi alƙalamin, ya yi murmushi ya koma ya zauna.

"Ka ji tarko. In hwaɗi ku jehe ta?"