Na'urorin da Suka Ba Manaja Ƙeya

In ana lissafa masu kwarjini, wajibi ne a fara da Manaja, wanda ma'aikata ke kira Babban Ƙanƙara a bayan idonsa. Shi ke shugabantar cibiyar ajiye bayanai, wani makeken zaure mai sanyi cike da dogayen akwatunan na'urori, inda hotunan jama'a da saƙonninsu ke kwana. Bai taɓa ɗaure ko noti ɗaya ba. Amma mai kamfanin kawunsa ne, wannan ma ai ilimi ne.

Ranar da ya fara zama a ofishinsa na gilashi, ya leƙa zauren, ransa ya ɓaci. An jera akwatunan layi-layi, fuska da fuska, baya da baya. Rabinsu ke nan sun ba shi ƙeya.

Ya kira injiniyar da ta tsara wurin. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na'ura ta gaba take shaƙar sanyi, ta baya take fitar da zafi, shi ya sa..."

"Malama, ni ma na zauna a aji. A inda nake shugabanci, ko ƙarfe sai ya san na gaba da shi. A juyo su duka su fuskance ni!"

Aka juyo su. Kyau kam sun yi, fitilunsu kore suna ta ƙyafta masa ido. Sai dai kowane layi yanzu hucin na gabansa yake shaƙa. Fankokin ciki suka soma kururuwa, Manaja ya ce jinjina suke masa. Zaure ya ɗumame, ya sa aka ƙaro injinan sanyaya iska. Wutar lantarki ta dinga zurarewa kamar ruwa a kwando. Ya ce babban gida dama da babban ci aka san shi.

Ana haka Kawu ya zo da wani baƙo mai son ajiye bayanan kamfaninsa a wurin, ya kuma ja wa ɗan nasa kunne cewa kujerarsa na rataye da wannan ziyara. Manaja ya sha kwat, ya buɗe hannuwa.

"Kafin zuwana, nan wurin ba tarbiyya. Dubi yadda suka nutsu!"

Layin ƙarshe kuwa ya nutsu da gaske: fitilunsa suka yi ja, ya yi tsit. Baƙon ya share gumi, ya tambaya cikin ladabi ko a nan ake gasa burodi, sannan ya nemi ƙofa.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya sa aka mayar da akwatunan yadda suke, ya ba injiniya ofishin gilashi, ya ce, "Ɗana, tunda kana son kusanci da su, a kai maka teburinka tsakaninsu."

Aka ajiye shi a lungun da zafi ke fita. Dama ƙeya, hagu ƙeya. Can yake har yau, kwat a rataye, yana gaya wa duk mai wucewa cewa fifita suke masa.