Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar da Ta Mutu Tana Buɗe Kwalaye

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, Injiniya mai rubuta manhaja a ofishin nan na saman bene take sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutarta, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a kan teburin jikin taga, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya mai haƙuri ce da riƙon amana. Tun Injiniya tana ɗaliba suke tare. Haruffanta sun goge, salatif ke riƙe da marfinta, amma ba ta taɓa salwantar da fayil ba. In an kunna ta sai ta yi 'yar gyaran murya, "tiit", sannan fankarta ta kama "fuuu" a hankali, kamar mai hura shayi.

Aikinta na ƙarshe na wani babban kantin kayan gyaran mota ne. Bayanan kayansu a cushe suke cikin juna: noti cikin leda, leda cikin kwali, kwali cikin sito. Mai kantin yana so a zazzage komai a jera a layi ɗaya, ya ga abin da ya mallaka. Injiniya ta rubuta ɗan umarni mai tsafta: buɗe mazubi, in ka ga kaya, jera shi, in ka ga wani mazubin, kira kanka ka buɗe shi, in kuwa ka taɓa buɗe wannan, tsaya. Layin nan na ƙarshe shi ne birki.

Ranar da abin ya faru, Injiniya ta fita kai 'yarta asibiti. Sai ga ƙanin manajan ofis, wanda ake kira Na-Iya tun da ya yi wani gajeren kwas na kwamfuta. Ya haye kujerarta da ƙullin soyayyen kifi, yana ci yana latse-latse, ya lashe yatsa ya koma. Ya ga layin birki, ya ga kamar ya yi yawa, ya goge. Garin shisshigi kuma, a cikin bayanan, ya jawo sito ya cusa cikin ledar da ke cikin siton. Sannan ya danna maɓallin fara aiki.

Marigayiya ba ta san musu ba. Ta buɗe sito ta tarar da kwali, ta buɗe kwali ta tarar da leda, ta buɗe leda ta tarar da sito. Ta sake nutsewa. Da ta yi gargaɗin zurfin ya wuce ƙa'ida, sai Na-Iya ya ɗaga mata iyakar, ya jingina takardar kifin a daidai inda take shan iska. "Fuuu" ya koma "garrr". Daga nan sai "ƙyas".

Injiniya ta dawo ta tarar da ƙaurin roba da ƙarnin kifi sun gauraye ɗakin. Maiƙo na sheƙi a madannai, ƙaya a maƙale tsakanin haruffa. Na-Iya yana goge hannu da labule ya ce, "Ai dama ta tsufa, Anti." Manaja ya ce a yi haƙuri, yaro ne. Yaron nan fa sanƙonsa ya kai ƙeya.

Mai gyara ya kwance cikin marigayiya, ya kau da kai ya toshe hanci. Ya ce, "Malama, wannan ba gyara take buƙata ba, sutura ce."

Ta rasu ta bar caja guda mai ɗauri a wuya, da linzamin kwamfuta wanda tuni aka wanke shi da sabulu amma har yanzu ƙuda na binsa, da filashin adana bayanai wanda rabonsa da kwafin aikin tun kafin a rubuta rabinsa. Ta kuma bar mai kanti yana jiran jerin kayansa ranar Litinin, da Injiniya tana sake rubutawa daga farko a kwamfutar aro ta mijinta, haƙora a cije.

Za a yi sallama da gawar ranar Asabar da safe a shagon mai gyara, inda za a cire gilashinta a ba wata mabuƙaciya. Ana karɓar gaisuwa a bakin ƙofar ofis, a tsaye, da wankakkun hannuwa. Manaja ya aiko da alkawarin sabuwar kwamfuta, bisa sharaɗin su riƙa amfani da ita tare da ƙaninsa. Injiniya ta nemi a binne wannan alkawari tare da marigayiya.